Kafin Ka Sayar da Fadamar Innarku

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Babana,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sauke ka Abuja lafiya, ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin waɗanda za ka tarar a can. Sunan mahaifina aka sa maka, shi ya sa tun kana goye ban taɓa kiran sunanka ba, kuma ba yau zan fara ba. Na ba ƙanwarka Saratu wannan takarda ta ɗaure ta a bakin buhun shinkafar da za ka tafi da shi. Na san in na miƙa maka hannu da hannu za ka karɓa cikin ladabi, ka ninke, ka manta da ita a aljihu har a kai rigar wanki. Shinkafa kuwa dole ka kwance ta.

Ka zo mini da maganar sayar da rabonka na fadamar innarku da ke Ambursa, ka zuba kuɗin cikin cinikin kirifto, kuɗin intanet ɗin nan da ake saye da sayarwa a waya, da kai da abokanka za ku yi a can. Ka ce dillali ya samo mai saye, kai kaɗai ake jira ka ce a zo a auna. Na yi shiru, ka tashi ka fita kana zaton fushi na yi. Ba fushi ba ne. Muryata na ji tana fitowa daga bakinka, da irin kalmomin da na yi amfani da su ina kusan shekarunka, sai na rasa ta inda zan fara. Rabin fadamar nan naka ne, haka rabon gado ya ba ka bayan rasuwar innarku. Ni da Saratu kowa rubu'i gare shi. Ba ni da ikon hana ka abinka. Abin da nake da shi kawai labarin yadda na zama mutumin da ka tashi ka gani, mai digiri a bango da bashin mai shago a kan kwana. Kun san gutsattsarinsa, ba ku taɓa jin sa daga bakina ba.

Kakanka bai bar dukiya mai yawa ba. Ya bar injin casar shinkafa guda ɗaya a Argungu, cikin wata rumfar kwano a hanyar gulbi. Tsohon inji ne mai ƙara, in ya tashi sai an ɗaga murya kafin a gaisa. Mata masu gumi su suke riƙe da shi. Su sayi shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, daga manoma, su jiƙa, su turara, su shanya, su ɗauko a kai ko a amalanke su kawo a casa musu. Innarku tana cikinsu kafin in aure ta, kuma ba ta bari ba bayan na aure ta. Injin nan shi ya biya kuɗin makarantata har na gama jami'a, inda na karanta tattalin arziki, na dawo na samu aiki a wata ma'aikata nan Birnin Kebbi. Da kakanka ya rasu, injin ya dawo hannuna. Duk Asabar nakan hau mota in je Argungu in duba shi, in biya masu aiki, in ji abin da ya lalace.

Kuskurena na farko bai ci mini ko kwabo ba, amma shi ya haifi sauran. Kunyar injin nake ji. Komai wankan da na yi, ranar Litinin sai wani a ofis ya tsinto ɓuntun shinkafa a hulata. Akwai abokin aikina Sambo, mai bakin barkwanci, shi ya laƙaba mini Sarkin Ɓuntu, sunan ya bi ni har masinja yana faɗa a bayan idona. Ina dariya tare da su, amma abin yana cina. Na yi karatu don in rabu da ƙura, ga ni ƙura ke ciyar da ni. Ribar injin kaɗan-kaɗan take shigowa, kuma kullum da wata matsala: bel ya tsinke, man gas ya hau, damina ta hana shanya. Na riƙa kallon wannan wahala a matsayin alamar sana'ar ba ta da daraja. Sai da na tsufa na gane wahalar ita ce shaidar ana yin wani abu. Shanshera ke shiga ta wannan baki, shinkafar ci ta fito ta wancan. Abin da ba ya dafuwa ɗazu, yanzu yana dafuwa. Kuɗin da matan nan ke biya, sun san abin da suka saya da shi.

Don haka ka kula da abin da kake jin kunya. Na lura ba ka son a gan ka a bayan babur da jarkar fetur za ka kai wa injin ban-ruwa a Ambursa. Ban ce maka komai ba, don na san ciwon. Amma mutum ya fi saurin sayar da abin da yake jin kunyarsa, kuma a kan araha.

Kuskure na biyu ya zo lokacin da aka yi yayin sayen hannun jarin bankuna. Kai kana ƙarami. Kowa a ofis ya saya, har direbobi. Na kwashe ɗan abin da nake tarawa don aikin hajji na saya. Ba na ce maka hannun jari abin banza ne ba, ni da na karanta shi. In kamfani yana yin siminti ko sukari ko takin zamani, ka sayi ɗan yanki nasa, ka zama abokin tarayya a cikin aikin da ake yi, ana raba maka daga abin da aikin ya haifar. Wannan ba shi da bambanci da mutum biyu su haɗa kuɗi su sayi inji. Amma ni ba kamfani na saya ba. Ban taɓa tambayar wa bankin ke ba rance ba, ko me masu karɓar rancen ke yi da shi. Tashin farashi na saya. Ina so in sayar wa wani gobe a kan abin da ya fi na yau, shi ke nan. Da abin ya rushe, takardun suka zama na naɗe ƙosai. Har yau ban ga Ka'aba ba.

Mai hankali da ya tsaya nan. Ni sai na ce wa kaina laifin nisa ne: abin yana Legas, ba na ganinsa, wasu ke juya shi. In da abin da na sani ne, na gida, ba wanda zai cuce ni. Da wannan tunani na faɗa cikin albasa, kuma ita ce ta cinye injin kakanka. Ka karanta wannan sashe a hankali.

Ka san yadda ake ajiyar albasa a ƙasarmu. Da bazara ake cire ta, lokacin ta yi yawa a kasuwa har ana roƙon mutum ya saya. Mai haƙuri sai ya gina rudu, wato gadon itace da kara a ɗaga shi daga ƙasa, a zuba albasa, a rufe da ciyawa yadda iska za ta riƙa ratsawa. A bar ta har damina ta yi nisa, lokacin da ta yi wuya, a fitar a sayar da tsada. Wannan sana'a ce ta gaskiya, kada wani ya ce maka ɓoye kaya ne kawai. Albasa ba ta son zama. Dole a riƙa buɗe rudun lokaci-lokaci, a juya, a tsince wadda ta fara ruɓa, a gyara rufi kafin ruwa ya sauka. Guda ɗaya in ta lalace aka bar ta, sai ta shafi na kusa da ita. Mai ajiya yana biyan masu tsinta, yana asarar wani kaso, yana kwana da fargaba. Ribar da ya samu ladan ɗauko albasa ne daga watan da ba a bukatarta zuwa watan da matar gida ke nemanta. Haka mai loda ta a babbar mota ya kai kudu: ya ɗauke ta daga inda ta yi yawa zuwa inda babu. Duk waɗannan sun yi aiki.

Mu ba wannan muka yi ba. A bayan ofishinmu akwai wata inuwar dogon yaro da muke zama bayan azahar. A nan Sambo ya kawo dabarar. Ya sayi ruduna a Augie ta hannun wani dillali, bai je ba, bai gani ba. Bayan ɗan lokaci farashi ya motsa, ya sayar wa wani ma'aikacin asibiti da riba mai kyau, a nan ƙarƙashin itacen, da musafaha da shaidu biyu. Albasar ba ta motsa daga inda take ba. Ma'aikacin asibitin ya sayar wa wani ɗan kwangila. Kafin a jima, inuwar nan ta zama kasuwa. Mutane masu fararen kaya suna cinikin rudu kamar goro, wanda ma bai san hanyar Augie ba yana faɗin nawa rudu zai kai in an shiga damina. A shekarar farko na gwada da kaɗan, na ci riba sau biyu. Abin da na samu ina zaune a kan benci ya fi abin da injin ya ba ni cikin watanni. Na tuna Sambo yana buga kafaɗata yana cewa, "To Sarkin Ɓuntu, yau ka ga yadda kuɗi ke haihuwa ba nakuda."

Da shekara ta zagayo na yanke shawarar shiga da ƙarfi. Na sayar da injin ga wani Alhaji Tukur, ɗan kasuwar shinkafa a Argungu. Ranar da aka yi cinikin, matan gumi suna zaune a kan buhunansu suna jiran layi, suna kallonmu. Wata tsohuwa a cikinsu, ƙawar kakarka, ta tambaye ni ko wani abu ne ya same ni. Na ce mata ci gaba ne ya same ni. Haka na faɗa, da bakina.  Innarku kuwa ta ci gaba da kai guminta can, tana biyan Alhaji Tukur kamar kowa.

Na zuba kuɗin injin duka a ruduna, na saye daga hannun Sambo da wasu mutum biyu, a kan farashin da ya riga ya hau sosai. Niyyata in riƙe na ɗan lokaci in sayar. Ga abin da nake so ka fahimta, don shi ne zuciyar wannan takarda. Na san albasa tana bukatar tsinta. Ba jahilci ba ne. Ina yaro na yi tsintar albasa a gonar kawuna har hannuna ya yi wari. Kowa a inuwar nan ya sani, 'ya'yan manoma ne mu duka. Manomin da rudunan ke gonarsa ya aiko ta bakin dillali cewa a ba da kuɗin masu tsinta da na gyaran rufi. Na lissafa na ga ba ni ne zan ci albasar ba, ba ni ne zan kai ta kasuwa ba, kwanan nan zan rabu da ita. Me zai sa in kashe kuɗi a kan kayan da wani zai mallaka jibi? Na ce a dakata. Abin da ban tsaya na tuna ba shi ne, wanda ya sayar mini haka ya lissafa, wanda ya sayar masa ma haka. Tun da aka rufe rudunan da bazara, sun wuce hannu bayan hannu, kowane mai su baƙo ne mai shirin tafiya. Ba wanda ya buɗe ko guda.

Sai ruwa ya sauka da ƙarfi, ya yi ta zuba. Aka fara raɗe-raɗi. Masu saye suka ja baya, inuwar ta koma wurin hirar siyasa. Na nemi mai karɓa ko da faɗuwa ban samu ba. Daga ƙarshe na hau babur na tafi Augie, karo na farko, in ga abin da na mallaka. Tun kafin mu bar hanya mu shiga gonar warin ya tare mu. Ba irin warin albasar da ka sani ba ne. Da aka ɗaga ciyawar rudun farko, sama-sama akwai masu kyan gani, wasu sun tsiro kore. Na sa hannu ƙasa kaɗan, hannuna ya nutse cikin wani baƙin ruwa mai ɗumi. Ƙasan gadon yana ɗiga. Muka bi su ɗaya bayan ɗaya, duk haka. Manomin bai zage ni ba, bai ma yi mini wa'azi ba. Tambayata kawai ya yi ko ni ne mai su na yanzu, don yana son a kwashe a ba shi wurinsa. Abin da muka tsamo mai kyau bai biya kuɗin kwashe ruɓaɓɓen ba. A kan hanyar dawowa mai babur ya roƙe ni in ɗan ja baya daga jikinsa.

Ka duba abin da ya faru da kyau. Farashin rudu yana hawa a Birnin Kebbi a daidai lokacin da albasar ke narkewa a Augie. Mu muna ganin dukiyarmu na ƙaruwa, alhali abin da ake kira dukiyar yana raguwa kullum. Duk cinikin da muka yi bai ƙara wa duniya albasa ko ƙwaya ɗaya ba. Rage ta ma muka yi, don da mun bar ta hannun masu ajiya na gaskiya da an tsince, da an ci. Ribar da Sambo ya samu ba daga albasa ta fito ba. Daga injin kakanka ta fito. Ribar da ni ma na ci a shekarar farko daga aljihun wani ta fito, wani malamin firamare mai ritaya da na sayar wa, wanda ban taɓa tambayar yadda ya ƙare ba, don ba na son in sani.

Kuskure na ƙarshe shi ya fi muni, kuma ya shafe ka kai tsaye. Wanda ya faɗi irin wannan faɗuwa ba ya tunanin tuba, ramuwa yake tunani. Na ce in na samu jari na sake shiga sau ɗaya, da wuri, in fita da wuri kamar Sambo, zan dawo da injin. Abin da ya rage a gidan mai daraja shi ne fadamar Ambursa, wadda innarku ta saya da kuɗin guminta, kaɗan-kaɗan, shekara da shekaru. Na same ta a bakin murhu tana juya shanshera a tukunya, hayaƙi ya sa idanunta sun yi ja. Na yi mata bayani mai tsawo, irin na masu ilmi. Na kawo mata maganar jari da juyawar kuɗi da damar da ba ta dawowa. Ta bari har na gama, ba ta daina juyawa ba. Sannan ta ce:

"Malam, injin da ka saida ban ce komi ba, na ubanka ne. Wagga fadama da hayaƙin idona na saye ta. Ran da ka ji an saida ta, to ba ni da rai."

Na yi fushi, na daina cin abincinta na wani lokaci, na ce mata ba ta san komai ba sai tukunya. Daga fadamar nan aka ciyar da ni duk tsawon fushin, don abincin da nake saye a waje da kuɗinta nake saye. Daga ita aka biya makarantarka, daga ita aka yi wa Saratu kayan ɗaki, daga ita aka sayi maganin innarku har Allah ya karɓi abinsa. Yanzu ba ta da rai, ga shi kuwa ana maganar awo. Ban taɓa ba ta haƙuri a kan maganar tukunya ba. Kullum ina cewa sai na samu abin da zan riƙa a hannu in je mata da shi.

Ka ce mini naku ba irin namu ba ne, akwai ilmi a ciki, ana karanta jadawali, ana bin labaran duniya. Mu ma muna da ilmi, Babana. Ni na fi kowa a inuwar nan iya bayanin dalilin da zai sa albasa ta hau. Ban san kirifto ba, ba zan yi maka ƙaryar na sani ba, kuma ban zo da fatawa ba, akwai malamai. Tambaya ɗaya nake so ka yi wa kanka, wadda ba a koya mini a jami'a ba sai a gonar Augie. In farashin abin nan ya tsaya cak shekara guda, bai hau ba bai sauka ba, me za ka ci? Mai inji zai ci, don ana kawo casa. Mai fadama zai ci. Mai kai albasa kudu zai ci, tela zai ci, mai gyaran waya a bakin kasuwa zai ci. In amsarka ita ce ba abin da za ka ci sai wani ya zo ya saya da tsada fiye da yadda ka saya, to ba sana'a kake ba, layi ka shiga, kuma kowane irin wannan layi yana da na ƙarshe. Ba a sanar da mutum cewa shi ne. Ni ma da musafaha da murmushi aka miƙa mini.

Ka kuma tambayi wanda zai biya ka, me ya samu? Matar da ta biya kuɗin casa ta tafi gida da shinkafa. Wanda zai biya ka ribar wayarka, da me zai tafi gida? In ba shi da komai sai fatan ya samu wani ya miƙa masa, ka san kuɗin wa kake ci. Wataƙila shi ma fadamar uwarsa ya sayar.

Ba zan yaudare ka in ce masu wannan harka duk suna faɗuwa ba. Da haka ne da abin bai yi mini ɗaci ba. Sambo ya fita da wuri. Ya gina bene a Gwadangaji, ya je Makka ya sake komawa, ana kiransa a taron ɗaurin aure ya zauna a gaba. In muka haɗu yakan sauke gilashin mota ya ce, "Sarkin Ɓuntu, kana nan?" ya miƙo mini abin cefane, ni kuma in karɓa. Ban taɓa ƙi ba. Wannan tsarin jari-hujja da muke ciki bai damu ya bambance wanda ya shuka da wanda ya yi caca a kan shukar ba. Duk 'yan kasuwa ake ce musu, kuma sau da yawa na biyun ya fi kyan riga. Manomi na cikin taɓo har gwiwa yana fama da tsadar taki da fetur, wanda bai taɓa riƙe lauje ba yana zaune a sanyi yana yanke masa farashi. Na karanta littattafan da suka ce kasuwa tana saka wa kowa gwargwadon amfaninsa. Waɗanda suka rubuta su ba su zauna a inuwarmu ba. Tunda duniya ba za ta bambance maka ba, kai za ka bambance wa kanka.

Ba kuma zan ce maka noma ko inji ba su da asara ba. Ka ga shekarar da gulbi ya cika ya shafe shinkafar Ambursa gaba ɗaya, innarku ta tsaya a kan tudu tana kallon ruwa. Amma da ruwan ya janye, fadamar tana nan, har ta fi da kyau. Aka yi noman rani aka ci. Injin kakanka ya sha lalacewa, ana gyarawa. Ni da na faɗi a albasa, ba abin da ya janye ya bar mini wani abu. Bambancin ke nan da na sani: akwai asarar da ke cin amfanin shekara, akwai wadda ke cin abin da ke kawo amfanin.

Injin yana nan har yanzu. Alhaji Tukur ya rasu, 'ya'yansa sun ƙara na biyu, sun sa mai tsince tsakuwa, sun ɗauki ma'aikata. Shinkafar da ke cikin buhun nan ta fadamar innarku ce, ta noman ranin bana. Saratu ta yi gumin da tukunyar innarku. Akwai injuna a nan kusa, amma ni na ɗauke ta na kai Argungu, ban san dalili ba, kowace shekara haka nake yi. Na bi layi a bayan mata, a cikin rumfar da ubana ya kafa da hannunsa, na biya kuɗin casa. Wanda ya karɓi kuɗin bai san ni ba. Na dawo da ɓuntu a hula, ba wanda ya kula.

To ga abin da na yanke. Ba zan yi maka baki ba, ko ka sayar ko ka bari, albarkata tana tare da kai. Amma ba zan tsaya shaida a cinikin ba, ka nemi wani. Rubu'ina ba na sayarwa ba ne, na faɗa wa dillali, Saratu ma ta faɗa masa nata. Ka sani in aka yanke rabinka, abin da zai rage mana siriri ne, kuma rijiyar ban-ruwa tana ɓangaren da mai sayen yake so. Mijin Saratu da ke noma mana ita ba zai iya riƙe injin ban-ruwa a kan ɗan abin da ya saura ba. Ban faɗi wannan don in ɗaure ka ba, sai don kada ka ce ba ka sani ba. Ni na sha fakewa da wannan kalma.

In jari kake so, ga tayi. Ka bar fadamar yadda take. Rabonka na amfanin bana naka ne, na ƙara maka da nawa duka, na bana da na baɗi. A sayar a aiko maka. Fanshona ba ya kai ni ƙarshen wata, ka sani, amma na saba, kuma Saratu ba za ta bar ni da yunwa ba. Ka kai kuɗin inda kake so. Na fi son ka sa su a abin da ake taɓawa, ko da teburin gyaran waya ne, amma in wayar ce ka zaɓa, ka gwada. In ka ci, ka zo ka yi mini dariya, zan fi kowa murna. In sun tafi, shinkafar shekara biyu ce ta tafi, ruwa zai sake sauka. Ka yi wasa da abin da ƙasar ta haifa in dole sai ka yi. Kada ka yi wasa da ƙasar.

Dillali ya ce zai jira kiranka. Kafin ka kira shi, ka dafa shinkafar nan ka ci, kai da abokanka. In buhun ya ƙare, ka zauna ka duba wayarka da kyau, ka ga ko akwai inda wani buhun zai fito daga cikinta.

Ka riƙe salla a kan lokaci. Kada ka ci bashi don ka sayi abin da ba ka gani ba, kada kuma ka jawo ɗan wani cikin abin da kai kanka ba ka san ƙarshensa ba. Ka riƙa kiran ƙanwarka, ta fi ni jin tafiyarka. Allah ya kiyaye ka a tafiya da zama, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya ba ka arzikin da za ka iya faɗin inda ya fito a gaban kowa. Allah ya jiƙan innarku, ya yafe mini abin da na faɗa mata a bakin murhu. Allah ya dawo mana da kai lafiya, ka tarar da mu lafiya, ka tarar da abin da ta bari.

Wassalam.

Mahaifinka.